Ruwan da Muka Yi Alwala da Shi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka Alhaji Ilya, a ɗakinmu na titin Huanshi Lu, nan ƙasar Sin, zuwa ga ɗana Haruna, can bakin teku inda aiki ya kai ka. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka da ƙarfinka, kana cin abinci, kana samun barci. Ni lafiya lau, sai ƙafar nan da ka sani.

Rubutun da kake gani na Alhaji Bawa ɗan Kumasi ne, maƙwabcinmu mai tura kaya ta ruwa. Ni ke faɗa, shi ke rubutawa, tunda ni da boko ba mu taɓa haɗa hanya ba. Na sa shi ya yi mini alkawarin ba zai gyara mini magana ba. Direbansa mai kai kwantena tashar jirgi ya ce wajenku ba nisa daga can, shi zai miƙa maka. Ka ce ran Litinin za ku ƙare karatun da ake muku a biro, wato ofishinsu, a shigar da ku cikin ginin. Shi ya sa nake gaggawa.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa ka ce in sa maka albarka, na juya maka baya. Ka ce, "Baba, tashar lantarki ce fa kawai. Tsoron abin da ba ka sani ba ne ke damunka." Ka ɗauki jakarka ka sauka. Tun ranar nan shinkafa ba ta shiga mini. To ka saurara, ba rashin sani ya sa na ƙi ba. Na san irin wannan gini tun uwarka tana goye a bayan tata uwar.

Kun san bayan na bar sojan Faransa na tsaya can na yi leburanci. Kun ɗauka dako nake yi a tashar jirgin ruwa, ni kuma ban gyara muku ba. Ba dako ba ne. Wani ɗan kwangila ne ya kwashe mu, tsofaffin soja baƙaƙe, ya kai mu wata ma'aikata a kudancin ƙasar, bakin wani babban kogi, an kewaye ta da waya da 'yan sanda. Ni da abokina Haruna ɗan Malam Sale na Tasawa, wanda na sa maka sunansa. Tare aka ɗauke mu soja, tare muka shiga jirgi, bargo ɗaya muka sha rufa da shi.

Abin da ke cikin ma'aikatar Turawa suna ce masa pil. Ka ɗauka tanderu ne, tsayinsa ya fi gidan saman nan da muke haya, an gina shi da wani baƙin dutse mai santsi irin na cikin fensir, an yi masa ramuka jere-jere kamar saƙar zuma. Ta gaba ake cusa gajerun sandunan yuraniyom, ƙarfen nan da yanzu ake haƙowa a Arlit, kowane an rufe shi cikin kwanso. Su zauna ciki su yi ta zafi, ana hura musu iska da wasu manyan fanka masu ruri dare da rana. In sun nuna sai a turo sababbi, tsofaffin su faɗo ta baya cikin wani kududdufi mai zurfi da aka gina da siminti, su huce a ƙarƙashin ruwa. Ba wuta, ba hayaƙi, ba gawayi. Masu farar riga suna can wani ɗaki suna kallon allurai, in zafi ya yi yawa su sauke wasu sanduna su kwantar da shi. Mu kuwa namu shara, goge ƙasa, jan amalanke, da shiga inda aka ce a shiga. An ce mana lantarki ake yi. Sai da aka fasa bam a Sahara, arewa da ƙasarmu, na ji wani Bature yana taya ɗan'uwansa murna yana nuna pil da yatsa, sannan na gane abin da muke dafawa.

An yi mana gargaɗi, ba zan yi musu ƙarya ba. An ce akwai wani zafi da ke fitowa daga sandunan, ba a ganinsa, ba a jinsa. An liƙa wa kowa ɗan bajo a ƙirji mai fim a ciki irin na hoto, in zafin ya taɓa ka fim ɗin ya yi duhu. A ƙofar fita akwai na'ura, ka sa hannu da ƙafa, in ka kwaso ƙurar wurin ta yi kuka. Na ji duk wannan da kunnena. Amma a raina na ce abin da ba ya ƙona fata wane irin zafi ne. Na ga harsashi ya tsaga mutum a gabana, shi na sani a matsayin haɗari.

Kuskurena na farko a kan alwala ne.

Sanyin ƙasar nan ya shigo, rana ta gajarce, azahar da la'asar suna bin juna kamar ana korar su. In za ka je famfon da aka yarda a sha, sai ka tuɓe kayan aiki, ka bi ta na'ura, ka yi wanka, ka ratsa fili, kafin ka dawo shef, shugaban aikinmu, ya cika ya batse. Ruwan kuma kamar a yanka ka da wuƙa. Wata rana ina shara a bayan ginin kududdufin sai na ga wani ɗan famfo a ƙasa-ƙasa yana ɗiga cikin kwata. Na tara hannu, ruwa garai-garai, ga ɗumi. A samansa akwai allo da rubutu da wani zane mai kunnuwa uku. Irin allon nan ya cika ma'aikatar, har mun daina ganinsa.

Na je na janyo Haruna. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce, "Ilya, me ya ɗumama shi, ba wuta a kusa?"

Na ce, "Ɗan malam ke nan. Allah Ya ba ka ruwan ɗumi a ƙasar ƙanƙara, kai kana neman wanda ya dafa."

Ya ce, "Bari dai in duba."

Ya duba shi yadda mahaifinsa ya koya masa, yadda aka koya wa kowannenmu tun muna yara. Ruwa in launinsa bai canza ba, warinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, mai tsarki ne. Ya ɗaga shi a tafin hannu ya kalla a haske, ya sunsuna, ya ɗanɗana da harshe. Ya ce, "Ba abin da ya sauya." Na ce, "To bismilla, liman." Muka wanke hannu, muka kurkure baki, muka shaƙa a hanci, muka wanke fuska. Muka shimfiɗa buhu a bayan bango muka yi salla, muna jin daɗi mun yi wa sanyi wayo. Ruwan nan daga kududdufin sandunan yake fitowa. Famfon na masu gwaji ne, da shi suke ɗiban ruwa a kwalba da safar hannu.

Haruna ɗana, ka'idar malamai ba ta yi ƙarya ba. An yi ta ne don rijiya da tafki da randa. Ba wanda ya san za a yi ruwan da zai wuce ido da hanci da harshe ya kuma cuci mutum. Don haka ga abin da nake so. Ka yi alwalarka a masaukinka kafin ka fita, ka riƙe ta. In ta karye a ciki, ka haƙura har ka fito. Kada ka taɓa famfo ko tiyo ko bokitin da ba a ce maka na sha ba ne, ko da ya fi ruwan kwalba haske. Kada ka ce za ka yi taimama a bangon wurin, ƙurar bangon ma ita ce. Kada ka kai goshinka ƙasa a can. In lokaci ya fita, ka rama, Allah Ya ga inda kake. In laifi ne, na ɗauka, a rubuta a kaina.

Alhaji Bawa ya ajiye alƙalami ya ce, "Alhaji, kai malami ne da za ka ba da fatawa?" Na ce ni ba malami ba ne, amma na wanke gawar ɗan malami. Ya ɗauki alƙalaminsa.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da sanina na yi shi. Ba a daɗe ba na'urar ƙofa ta fara kuka a kan Haruna. Aka zo da wata ta hannu mai ƙyas-ƙyas kamar gyare, aka bi jikinsa da ita, da aka kai gemunsa sai ta rikice. Aka aske gemun, aka wanke shi da sabulu har fuskarsa ta yi ja-ja. Aka tambaye shi ina ya shiga. Ya kalle ni, na girgiza masa kai. Ya ce bai sani ba.

A hanyar komawa masauki ya ce, "Ilya, anya ba ruwan nan ba ne?"

Na ce, "Ƙurar gaban pil ce, kai da ba ka rufe fuska da kyau. In ka ambaci famfo za su ce muna salla a lokacin aiki, su kore mu. Ka koma Tasawa ka ce musu me?"

Ya ƙyale maganar. Ni kuwa na ƙirƙiro dabara. Kafin mu bi ta na'ura sai mu shiga wanka tukuna mu dirje hannu da fuska, sannan mu je mu miƙa mata. Ta daina kuka. Na riƙa yi masa dariya ina cewa ka gani, ƙarfe ne, ba ta fi mu wayo ba. Ban yi tunanin wanda ya riga ya bi ta maƙogwaro ba. Shi sabulu ba ya kai masa.

In na'ura ta yi kuka a kanka, ka tsaya cak. Kada ka ji kunya, ko tsirara za su yi maka a gaban mutane. Ka faɗa musu duk inda ka taka, duk abin da ka taɓa, har wanda kake ganin wauta ce. Na san ka, ba ka son a yi maka dariya. A wurina ka gado. Wanda zai ce maka ka yi shiru don kada a kore ku, ko ɗan garinku ne, ko kwano ɗaya kuke ci, kada ka bi shi. Ni ne wannan mutumin, kuma ina ƙaunar Haruna fiye da 'yan'uwana na ciki ɗaya lokacin da nake ba shi shawarar.

Akwai kuma maganar bajo. Wani lokaci kwanson sanda yakan fashe a cikin rami, ko ta maƙale ta ƙi faɗowa. Sai ƙararrawa ta tashi, a kwantar da pil, a tara mu. A ba ka dogon ƙarfe, ka shiga da gudu ka zungura, wani na tsaye a baya da agogo, in ya busa usur ka jefar ka fito, na bayanka ya shiga. Ɗan lokaci kaɗan ake ba kowa. Wanda fim ɗinsa ya yi duhu sai a cire shi daga wannan aiki a mayar da shi sharar fili. Ni kuwa sharar fili ta zame mini abin kunya. Shef ɗinmu yakan dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce ga sojan gaske. Don in ci gaba da jin wannan kalma na riƙa barin bajona a cikin takalmina na gida. In an busa usur sai in yi kamar ban ji ba, in ƙara zungura, don a ce ni na fitar da ita. Shef ya ga ƙirjina ba bajo, ya kau da kai. Aikinsa na tafiya, me ya dame shi.

Yau in likita ya tambaye ni nawa jikina ya sha, ba mai iya faɗa masa. Takardar Turawan ta ce kaɗan ne, ni kuma na san ƙarya ce, don ni na shirya ta.

Wannan shi ne ya fi tsorata ni game da kai. Ranar da ka dawo kana ba ni labarin Baturen nan da ya ɗauke ka, wai ya ga waldar da ka yi ya ce bai taɓa ganin hannu irin naka ba, na ga yadda idonka ke haske. Haka nawa ya yi. Ku 'yan kwangila ne, lokacin gyara aka kira ku, in an gama za a sallame ku. Ma'aikatan dindindin ana tattalin jikinsu don ana bukatarsu baɗi. Na haya shi ake turawa lungu. Ba na ce mugaye ba ne, ban san su ba. Amma in mai agogo ya ce fito, ka saki ƙarfen ko saura ɗinki ɗaya waldar ta haɗe. Bajonka kuwa ya zauna a ƙirjinka. Ranar da wani ya ce ka ajiye shi na yau kawai, ko ya ga babu ya kau da kai, ka tattara kayanka ka hau mota ka dawo. Tabarmarka na nan, ban naɗe ba.

Bari in gaya maka yadda asirinmu ya tonu. Akwai wani tsohon Bature mai ɗingishi, aikinsa yawo da na'urar ƙyas-ƙyas yana gwada lunguna. Wata la'asar ya zagayo bayan ginin ya same mu tsugune, Haruna ya cika baki da ruwa. Bai yi tsawa ba. Ya matso a hankali ya kai na'urar bakin famfon. Ƙyas-ƙyas ɗin ya haɗe ya zama ƙara ɗaya mai tsawo. Ya tambaye mu tun yaushe. Haruna ya tofar ya ce tun farkon sanyi. Ya ce hannu kawai kuke wankewa? Haruna ya nuna masa baki, ya nuna masa hanci. Mutumin nan sai ya zauna daɓas a ƙasa, da farar rigarsa, ya dafe kai. Na yi yaƙi tare da Turawa, ban taɓa ganin fuskar ɗayansu ta yi haka ba. A nan ne tsoro ya fara shigata, kuma bai fita ba har yau.

Aka kai mu asibitinsu, aka yi ta karɓar fitsarinmu a kwalabe. Nawa da sauƙi. Na Haruna ya sa suka yi ta ƙus-ƙus a bakin ƙofa. Ka san dalili? Shi ɗan malam ne, kowace salla sai ya sabunta alwala, kowace gaɓa sai ya cika ta, ya kurkure baki sosai, ya ja ruwa har can cikin hanci. Ni kuwa malalaci ne, in shafa-shafa in tashi, sau da yawa ma da alwalar asuba nake kaiwa la'asar. Sakacina da addini shi ya rage mini, kyautatawarsa ita ta ƙara masa. Na kai wannan magana gaban malamai a Maradi, na kai ta Makka, kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma ni na gano famfon.

Ba a kore mu ba. Kafin mu fito asibiti an ja mana famfo mai tsabta kusa da ɗakin canza kaya, har da ruwan zafi, aka ba mu wani ɗan lungu na salla. Wani ma'aikaci ne ya haɗa shi kafin azahar. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mun buɗe baki mun tambaya tun farko, da an yi mana. Girman kai ya hana ni, na ce ba zan roƙi kafiri wurin alwala ba. To kai ka roƙa. Ka je wurin shugabanka ka ce kai Musulmi ne, kana wanke baki da hanci sau da yawa a yini, ina ruwan da ya dace. In ya yi dariya, ya yi.

Kuma kada lakwal ɗin da ka yi, wato boko, ta ruɗe ka. Kana karanta Faransanci, na sani, ni na biya. Amma allunan can da rubutun Sin aka yi yawancinsu, a gabansu ni da kai ɗaya muke. Na ga yadda kake yi a kasuwar Guangyuan, lawban mai shago na zuba maka magana kana gyaɗa kai kana shishe-shishe, wato na gode da yarensu, mu fito in tambaye ka me ya ce, ka ce oho. A kasuwa abin da zai same mu bai wuce a ba mu wando ƙarami a madadin babba ba. A can kada ka gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba. Kowane allo ka sa a fassara maka. In sun ce meyo, babu mai fassara, kai ma ka ce meyo, babu shiga. Mutanen nan ba sa rabuwa da kwalbar shayi da taba, kuma suna da kyauta, za su miƙo maka. A waje ka karɓa ka gode. A ciki kada komai ya shiga bakinka. Goron da ka ɗiba cikin nawa, kana tsammani ban lura ba, ka bar shi a masauki.

Alhaji Bawa ya sake tsayawa. Ya ce, "Alhaji, wancan zamanin daban. Yanzu komai inji ke yi, yaran Kano ma sun ce wutar da Hong Kong ke sha daga can take. Kana tsorata yaro." Na ce na yarda ginin ya canza, wannan ba bam yake dafawa ba, kuma na ji an ce sun fi mu kiyayewa nesa ba kusa ba. Amma wanda zai shiga ginin jinina ne, na san abin da ke cikinsa. Ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, taurin kan gidanku har a Kumasi an san shi."

Haruna ya dawo gida tare da ni. Ya yi aure, ya haihu, ya buɗe makarantar allo a ƙofar gidan mahaifinsa. Shekaru suka wuce ba abin da ya same shi, har na fara cewa Turawan nan tsoro ne da su kawai. Sai haƙoransa suka fara girgiɗa. Sai ciwon ƙashi, sai jini daga dasashi, in ya ɗan bugu wurin ya yi baƙi ya ƙi warkewa. Mutanen gari suka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da turare. Likitan Maradi ya ce ciwon jini ne, na tambaye shi me ya kawo shi, ya ce ba a sani ba, yakan kama wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba ma. Don haka ba zan rantse maka ruwan ne ba. Ba zan kuma rantse ba shi ba ne.

Na je duba shi ana sauran kwanaki kaɗan. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce, "Ilya, kana tuna famfonka?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kai, ɗago kai mana, sojan gaske. Ko ba komai, ba a bin mu sallar sanyin nan ko ɗaya."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Shekarar da ya rasu aka haife ka.

Tun daga nan nake jira. In na tashi da ciwon gaɓa sai in ce ga shi ya iso. In na ga ja a asuwakina sai gabana ya faɗi. Kowane ɗa aka haifa mini sai na karɓe shi na juya shi gaba da baya ina dubawa, ungozoma na yi mini tsiya wai ko awaki nake saye. Lokacin da kake yawan haɓo kana ƙarami, uwarka, Allah Ya jiƙanta, takan ce zafin rana ne, ni kuwa in fita bayan gida in zauna. Ba ta taɓa sanin dalili ba. Ni mutum ne da duk sanina a hannu da hanci yake. In na murza yadi na san ko zai zuba, in na sunsuna takalmi na san fata ce ko roba, ba lawban ɗin da ya taɓa cutata a kasuwar Sanyuanli. Abu ɗaya ne a duniya ya wuce duk waɗannan, kuma cikinsa ɗana ya zaɓi shiga. Ka ga ko ba zan juya baya ba.

Amma na yi tunani. In na hana ka, ba za ka hanu ba, ka riga ka tafi. Abin da na samu da fushina kawai shi ne za ka shiga wurin da nauyin uba a zuciya, hankalinka rabe, kana son ka nuna mini ka iya. Mai son nunawa shi ke ƙara zungura bayan an busa usur. Ba na son ka shiga a haka. Saboda haka ka ji da kyau, Alhaji Bawa shaida ne: na yafe maka maganar da ka faɗa mini, na janye ƙin da na yi, na sa maka albarka a wannan aiki. Ba sai ka nuna wa kowa komai ba. In a cikin duk ma'aikatan kai ne aka fi sani da tsoro da yawan tambaya, ni ka faranta wa.

Abu ɗaya nake nema a madadi. Duk lokacin da aka karanta bajonka, ka sa a rubuta maka abin da ya nuna da iyakar da aka yarda mutum ya kai, ka aiko mini, Alhaji Bawa zai karanta mini. Kada ka rage, kada ka ɓoye don kar hankalina ya tashi, ya riga ya tashi. In ka zo hutu kuma kada ka tsaya a gabana ka buɗe hannuwa ka ce, "Dube ni Baba, garau nake." Zan dube ka, zan ga garau kake, ba kuwa zai kwantar mini da rai ba. Idona bai iya ganin wannan abu ba. Takardar za ka fara miƙo mini, sannan mu gaisa.

Allah Ya tsare mini kai daga abin da ake gani da wanda ba a gani. Ya tsare bakinka da hancinka da jininka da ƙashinka, da 'ya'yan da ba ka haifa ba tukuna. Ya sa waɗanda ke sama da kai su zama masu amana. Ya shigar da kai lafiya ran Litinin, Ya fitar da kai lafiya, Ya maimaita haka har ranar da za a sallame ku. In ka idar da salla ka sa mai sunanka a addu'a.

Direban ya iso yana ta danna oda a ƙasa, Alhaji Bawa ya ce hannunsa ya sage. Na tsaya nan.

Mahaifinka,
Alhaji Ilya